Man maramiyya, ɗori na biyu

Salam 'yan uwa masu koyon tatsar mai. Jiya dai na sake ɗora tukunyar tatsar mai da tururi, rabin kilo na busasshiyar maramiyya, ganyen ƙamshin nan da Turawa ke ce wa sage, da na sayo wajen wani mai shagon kayan ƙamshi a Balad, nan Jidda. Awa 3 tana kan wuta amma abin da ya taso saman ruwan bai wuce mili 5 ba, kar wanda ya karaya, haka ganyen yake, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 yake bayarwa. Ku tanadi ƙanƙarar sanyaya tururin fa, ruwan famfon garin nan da zafinsa yake zuwa, ni a ɗorin farko rabin tururin kicin ya gume da shi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ƙamshin. Na farko sak man zafin da ake shafa wa yara in suna mura, na jiya kuwa kaifi gare shi, har da ɗan ɗaci-ɗaci a maƙoshi. Ashe maramiyyar ba iri ɗaya ba ce, akwai Salvia fruticosa da ake yawan jefawa a shayi, ita siniyol ya fi yawa a manta, sinadarin nan na man itacen turare, wato eucalyptus, sai kuma Salvia officinalis mai kafur da yawa da wani sinadari da ake kira tujon. Mai shago kam duk maramiyya yake ce musu, hanci ne kawai zai raba maka gardama.

Maganar da ake yi cewa man yana kashe ƙwayoyin cuta gaskiya ce amma da iyaka. Man yana lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar, shi ya sa ya fi cin irin su Staphylococcus aureus, ita ko E. coli rigarta biyu ce, ba ta jin sa sosai. Kuma a faranti na ɗakin gwaji aka ga haka, ba a cikin mutum ba. Wata ƙawata har tana cewa a ɗiga mata a shayi, na ce Hajiya rufa min asiri, tujon ɗin nan in ya yi yawa jijjiga yake sawa, mai ciki da mai farfaɗiya ma su yi nesa da shi.

Yanzu na yanka burodin samoli biyu na ƙulle a leda, ɗaya da auduga mai ɗigo 2 na man, ɗaya haka nan, in ga wanne zai riga yin fumfuna. Sauran man sabulu zan zuba.