Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mai Gadin Rami a Kairawan

Makon jiya na tsaya inda muka samu aiki a wata gonar zaitun kusa da Kairawan, a Tunisiya, ni da Kawu, dattijon Maraɗi da ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa.

Wata safiya, kafin rana ta buɗe, ina kiwon tumakin mai gida a wani fako sai na ga kamar ƙasa tana motsi. Wasu ƙwari ne ruwan toka, kowanne tsawon gaɓar yatsa, suna ta kai da kawo. Na ce buzuzu ne. Kawu ya ce, "Kai yaro, ina ka taɓa ganin buzuzu ba kashi?" Shi kuma ya kafe kan 'ya'yan kadandoniya ne. Na zunguri ɗaya da tsinke, bai naɗe ba, sai ya zura da gudu, ciki a ɗage.

Ɗan mai gida, mai karatun ilimin halittu a Tunis, shi ya raba gardamar. Ya kifar da ɗaya a tafin hannunsa, ya ce in ƙirga ƙafafu. Goma sha huɗu. Buzuzu kuwa shida gare shi. Ya sa na shafa bayansa ta wajen kai, na ji gurje-gurje kamar fatar kwaɗo, ya ce da wannan ake gane shi. Sunansa a littafi Hemilepistus reaumuri, kuma wai dangin ƙaguwa ne da jatan lande. Ƙaguwa a fako! Kawu ya yi tsaki ya koma wajen tumaki.

Ni dai ramin ne ya tsayar da ni. Bakinsa ɗan ƙarami, amma zurfinsa kan kai santimita 40 zuwa 50, har inda ƙasa ke da laima. Miji ɗaya, mata ɗaya. In ɗaya ya fita neman abinci, ɗayan sai ya toshe ƙofa da kansa. Duk wanda ya zo sai an shafa shi da gashin baki, an ji ƙanshin gida. Na ɗauko na wani rami na ajiye, mai gadi ya hana shi shiga ƙememe.

Da yamma ina ba Kawu labari, bai ko ɗago kai daga shayinsa ba ya ce, "To ka gani, shi bai bar amarya ya tafi ci-rani ba."

Wata biyar da aurena na baro Damagaram. A daren nan na ari wayarsa. Abin da aka faɗa mini a wayar, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.