Yau na ce wa Oga mu rubuta a takarda

Da nishaɗina na tashi yau, ba ƙarya. Auta ce ta fara damuna da saƙo tun da sassafe, wai wasu da ban san su ba sun ɗauki amshin sabuwar waƙar nan da na saka guntunta a TikTok suna ta yin bidiyo da shi, har da wata da ta ɗora shi a kan jaririnta yana ƙyalƙyala dariya. Na kalla na sake kalla. Guntu ne fa kawai, ko miksin ba a gama ba.

Shi ne na ce bari in wuce sitidiyo mu ƙarasa tun abin da zafinsa, don ina so in tura wa masu rarrabawa, wato kamfanonin da ke ɗora waƙa a Spotify da ire-irensa, da wuri. Kun dai san ƙa'idar Spotify, in kana so ka gabatar wa editocinsu waƙa ko Allah zai sa su jefa ta a jerin waƙoƙinsu, to sai tun ba ta fita ba, kuma aƙalla kwana 7 kafin ranar fitarwa in kana so ta shiga Release Radar, wato jerin sababbin waƙoƙin da Spotify ke haɗa wa masu bin ka. In ta riga ta fita shi ke nan, sai dai ta gaba.

Aiki ya tafi sumul. Oga, furodusan da ke haɗa min kiɗa, yana cikin raha, ya rage gangar nan da ke danne min murya a baiti na biyu, ya ƙara wani ɗan amo a amshi da ya sa tsikar jikina ta tashi. Sai da muka zo wajen cike bayanan waƙar, wa ya rubuta, wa ya yi kiɗa, sai na ce masa, Oga, ina ga kafin in tura mu rubuta kason kowa a takarda mu sa hannu.

Ya cire abin kunnensa ya ajiye a kan tebur a hankali, ya juyo da kujera gaba ɗaya ya fuskance ni. Ya ce, "Takarda? Ni da kai?" Na ce wallahi Oga ba don wani abu ba ne. Ya ce, "Ƙanina, ranar da ka fara shigowa nan ko kuɗin awa ɗaya ba ka da shi, takarda na ce ka kawo min?"

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ya faɗa, kuma ga wasu yara biyu suna zaune a kan benci suna ji, ɗayan har ya sunkuyar da kai yana latsa waya wai shi ba ya nan.

Na dai daure na fara bayani, kuma ina jin kaina ina magana da yawa irin ta marar gaskiya alhali ba abin da na ɗauka na kowa. Na ce masa waƙa ɗaya dukiya biyu ce a cikinta, akwai shi rikodin ɗin da muka yi a ɗakin nan, akwai kuma ita waƙar kanta, baitinta da karinta, wadda ko wani ne ya sake rera ta gobe haƙƙinta na nan ga waɗanda suka ƙirƙira. Kuɗin na farko ta hannun mai rarrabawa yake biyowa, na biyun kuma akwai ƙungiyoyin da ke tattara wa marubuta waƙa haƙƙinsu, sai ka yi rajista da su, in ba ka yi ba ba wanda zai zo yana neman ka. Na ce kuma masu rarrabawa irin su DistroKid suna da tsarin da za ka sa imel ɗin mutum da kashi nawa zai ɗauka, kuɗin kowa ya tafi akawun ɗinsa kai tsaye, ba sai na zo ina ce maka ga naka ba kai kuma kana tunanin ko na rage. Na ce Oga takardar nan kai take karewa fiye da ni, don akawun ɗin da sunana yake, in ta Allah ta kasance a kaina wa zai san kana da kaso a ciki?

Sai ya yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Wai nawa ne ma kuɗin da muke wannan dogon turancin a kai?"

Nan ma ya kama ni. Don in za a faɗi gaskiya kuɗin sauraro bai taka kara ya karya ba. Sai mutum ya saurara na daƙiƙa 30 kafin ma a ƙirga, kuma tun watan Afrilun 2024 waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba ba ta samun komai na rikodin a Spotify. Ba kuma wani tsayayyen farashi ba ne a kan kowane sauraro, kuɗin ake tarawa a raba gwargwadon kason kowa, shi ya sa wanda ya saurare ka daga Amurka ko Ingila ya fi kawo maka fiye da wanda yake inda kuɗin biyan Spotify na wata-wata ke da araha. Lissafin da ake yawan yi dai dala 3 zuwa 5 ne a kan sauraro dubu, kuma sai ka jira wata biyu ko uku kafin ya iso. YouTube kuwa kafin ka fara cin kuɗin talla sai kana da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, sannan su ba ka kashi 55. Duk ya san wannan, shi ya koya min rabinsa.

Amma ni abin da na kasa faɗa masa a gaban yaran shi ne, ai yanzu da ba kuɗin ne rubutun yake da sauƙi. Ranar da wani kamfani ya ce yana son waƙar a talla ko a fim, tambayar farko da za su yi ita ce wa ke da ita, kuma a ranar kowa abin da zai tuna daban ne, ni zan tuna ni na zo da karin a bakina, shi zai tuna shi ya kwana yana gina kiɗan, kuma ba wanda zai yi ƙarya a cikinmu.

Sannan ga abin da ya hana ni sukuni har yanzu. Da zan fita na tambaye shi, Oga kiɗan nan dai nawa ne ni kaɗai ko? Don ba a sa waƙa a Content ID, tsarin YouTube na gano wanda ya yi amfani da waƙar wani, sai kai kaɗai ke da haƙƙin abin da ke cikinta, in kiɗan yana hannun mutum biyu to rigima ce, wani zai wayi gari ya ga an ɗora da'awa a kan waƙarsa ta kansa. Ya ce, "Wa zan ba?" yana kallon kwamfuta. Bai ce a'a ba. Ni kuma idona ya riga ya faɗa kan fayil ɗin kiɗan a gefen allo, ba sunan waƙata ba ne a jiki, wani suna ne daban, kuma kwanan watan tun bara. Zai iya yiwuwa ba komai ba ne, furodusoshi suna tara kiɗa su ajiye, na sani. Amma na gani, kuma ya ga na gani.

Da na dawo na tarar da saƙon wani wai zai kawo min sauraro dubbai a sati ɗaya in na biya. Na goge. Waɗannan na'urori ne ba mutane ba, in aka gano kuma waƙar ake cirewa.

Wani bawan Allah a kwamen yana tambaya ina zai sayi waƙar, saye fa ya ce, ba saukewa kyauta ba. Na tuna shafin sayar da waƙa na Bandcamp kashi 15 suke cira. Zan duba.

Auta na so in yi laif daren Juma'a. Na ce mata sai na gani. Data ma ta kusa ƙarewa.

Oga ya turo miksin ɗazu da daddare. Kullum da saƙon murya yake haɗowa yana tsokanata, yau fayil ne kawai. Kuma miksin ya yi kyau fa, ya fi duk wanda ya taɓa yi min, abin da ya ƙara dagula min lissafi ke nan, don ban san ko haƙuri yake ba ni da shi ba ko nuna min yake in san da wa nake yi.

Ban tura wa masu rarrabawa ba tukuna. Gobe zan kira Yaya ya raka ni, Oga yana jin nauyinsa. Ko rabi da rabi ya ce na yarda, ni dai a rubuta, kuma a sa layi ɗaya a ƙasa cewa kiɗan ba ya hannun kowa.