Abin da ya kamata fayil ɗin dattijo ya ƙunsa

Aikina shigar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta a wani asibiti a Legas, kuma da an kawo tsoho daga Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, ni ake kira in yi tafinta. Da yawansu cuta ta riga ta ci jiki: daji, ƙoda, shanyewar ɓarin jiki. A nan likita ba warkarwa yake nema ba, so yake mutum ya ƙarasa kwanansa ba cikin azaba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 na masu buƙatar irin wannan kulawa ne kawai ke samunta.

Babban abin da na koya shi ne lamba ba ta wadatarwa in ba a san mai faɗinta ba. Muna auna zafin ciwo daga 0 (ba ciwo) zuwa 10 (mafi tsanani). Ka ce wa dattijo, "Baba, yaya jiki?" sai ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," alhali ya damƙe ƙarfen gado, zufa na keto masa. Tarbiyyarmu ce, babba ba ya raki a gaban 'ya'yansa. To in aka rubuta 2, likita zai duba allo ya bar magani yadda yake, Baba kuwa ya kwana ido biyu. Shi ya sa muka ƙara gurbi a fayil ɗin don abin da ma'aikaciyar jinya ta gani: ya yi barci? Ya iya zama ya yi salla, ko a kwance ya yi? Loma nawa ya ci? Wanda ke shan ruwan mofin, wani magani mai ƙarfi na rage zafin ciwo, duk bayan awa 4, mukan rubuta lokacin kowane sha da ranar da ya yi bayan gida, domin maganin yana ɗaure ciki.

Sai maganar komawa gida, wadda ta fi taɓa min zuciya. Tsofaffinmu da dama sun fi son ajali ya riske su a Kano ko Katsina ko Sakkwato, cikin dangi. A tambaye su da wuri, cikin ladabi, tun suna iya magana, a rubuta amsar da sunan wanda suka yarda ya yanke shawara a madadinsu. Bayanan lafiya amana ne, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta sa su cikin masu buƙatar tsaro na musamman, don haka da izinin tsofaffin muke buga takarda ɗaya: sunan cutar, magunguna, awo, lambar wayar sashenmu. Mukan damƙa wa babban ɗa kafin su nufi tasha, saboda likitan da zai karɓe su a Arewa kada ya soma gwaje-gwaje daga farko a jikin da ya riga ya gaji.