Zaman kwantena da karnuka kafin a samu gida a Kaduna

Wanda wa'adin hayarsa ya cika bai samu wani gidan ba, shi kansa zai iya raɓawa wajen ɗan'uwa, amma ba kowane gida ne zai karɓi karnukan gadi ba. Shi ya sa wasu ke kafa kwantena, ko karafan mai taya irin wanda kamfanonin gine-gine ke ja zuwa wurin aiki, a filinsu ko filin aro, su zauna da karnukan har Allah Ya kawo gida. Zaman yana yiwuwa. Abin da za a riƙe kawai shi ne ɗakin ƙarfe ne, kuma neman gida yana fitar da mutum daidai lokacin da rana ta take.

Ka fara da ƙasar da za a ɗora shi. Ka guji kwari da duk inda ke kusa da Kogin Kaduna, domin a Agusta da Satumba ruwa na cika ya malalo. Kwantena mai ƙafa 20 tsawonta kusan mita 6 ne, faɗinta mita 2.4, kuma nauyinta a kusurwoyi huɗu yake sauka, don haka nan za a sa bulo mai cike da siminti. A daidaita da tiyon ruwa na magina, in ba haka ba jikin zai murɗe, ƙofa ta ƙi rufuwa. In karafan ne, a tokare tayoyin da katako gaba da baya. Kafin mota ta sauke komai, ka gaida mai unguwa ka faɗa masa akwai karnuka, ka kuma tuntuɓi KASUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, musamman in filin bakin titi ne.

Zafi shi ne babban aiki. A Maris da Afrilu, kafin ruwan sama ya sauka, rufin ƙarfe na yin zafin da ba ka iya ɗora masa hannu, cikin ɗakin kuma ya zama tanda. Fanka ba ta maganin wannan, iskar zafin kawai take juyawa. Maganinsa rufi na biyu: a kafa rumfar kwano a saman kwantenar, a bar tazarar kamar rabin mita don iska ta ratsa tsakani, a bar bakin rumfar ya zarce ta kowane gefe. A juya ɗakin yadda gajerun ɓangarorinsa ne ke kallon gabas da yamma, sai ranar safe da ta yamma su bugi ƙaramin bango. A yanka taga biyu masu fuskantar juna, a sa musu ragar sauro, a shafa farin fenti a waje. Katifa kuwa a ɗora ta kan katako, saboda da damina ƙarfe na yin raɓa ta ciki.

Ko an yi duk wannan, kada ka kulle kare a ciki ka tafi ganin gida. Ina jaddada wannan ne domin nan ake asarar dabba. Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, kuma in iskar da yake shaƙa ta yi zafi, hakin ba ya amfanarsa. Daga Kawo zuwa Barnawa, ga jiran dillali, ga jiran mai makulli, fitar da ka ɗauka ta awa ɗaya ce sai ta kai la'asar. Ka yi musu shinge na ragar waya a waje, kamar mita 3 da mita 4 ga karnuka biyu, tsayinsa ya kusa mita 2, a binne gindin ragar don kada su tona su fice. Ka duba inuwar wurin da ƙarfe biyu na rana, ba da safe ba, domin inuwa tafiya take. Shinge ya fi sarƙa: kare kan naɗe sarƙa a jikin turke ya kasa kaiwa ga ruwa ko inuwa.

Kare mai kilo 25 yana shan kusan lita ɗaya da rabi a rana, da zafi kuma ya fi haka sosai. A ajiye mazubi biyu, a zaunar da kowanne cikin tsohuwar taya don kada su kifar. In ka tarar da kare na haki ba tsayawa, dalala na zuba, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa, ka riƙa zuba masa ruwan randa a ciki da tsakanin cinyoyi, ka garzaya wajen likitan dabbobi ko da ya nuna ya farfaɗo.

Janareto ya yi nisan aƙalla mita 6 da taga da shingen, hayaƙinsa na kisa cikin barci. Tukunyar gas da girki su tsaya a waje, ƙarƙashin rumfa.

Filin da ba a gina ba gidan kaska ne. A sare ciyawa, a duba cikin kunne da tsakanin yatsun kare duk yamma, a yi musu wankan maganin kaska bisa ma'aunin da likita ya bayar, domin in ya yi yawa guba ne. Maganin tsutsar ciki duk wata uku, allurar haukan kare duk shekara. A ware kwanukansu da bokitinsu daban, kada su haɗu da butar alwala da kayan cin abinci, a kuma kwashe kashinsu safe da yamma kafin maƙwabta su fara ƙorafi.

Wajen neman gidan, ka faɗa wa dillali tun ranar farko cewa kana da karnuka, da yawansu. Ɓoyewa ba ta haifar da komai sai rigima bayan an biya kuɗin shekara da la'ada. Gidan haɗaka da wuya ya yiwu, ka nemi mai katanga da ƙofarsa shi kaɗai. Ka riƙe katin allurarsu ka nuna wa mai gida, in ya amince a rubuta amincewar cikin takardar yarjejeniya kafin kuɗi su fita daga hannunka.