Ranar da Malama ta karɓe min biro

A ajinmu na injiniyancin lantarki mu huɗu ne mata. Duk ranar da aka shiga ɗakin gwaji aka kasa mu rukuni-rukuni, maza ne ke zagaye teburi da wayoyi da mita, ni kuwa a miƙo min littafi, wai rubutuna ya fi kyau. Shekara biyu ina rubuta sakamakon aikin da hannuna bai taɓa ba, kuma wallahi a lokacin ban ga aibun hakan ba.

Muna aji uku sashenmu ya fara haɗa kowace ɗaliba da wata babba da za ta riƙa jan ta a jiki. Na zaci nasiha zan sha a ofis. Ashe Malamar da aka haɗa ni da ita har ɗakin gwaji za ta biyo ni. Ta tsaya bayana jim kaɗan, ta zare biron daga hannuna, ta ce, "Ƙanwata, jona wayar nan in gani." Hannuna na rawa na jona ba daidai ba, fis ya ƙone. Ba ta yi faɗa ba, ta ciro wani daga aljihun rigarta ta ce in sake.

Wata Asabar ta kai ni Panteka, kasuwar maƙera da masu gyare-gyare a Kaduna, na wuni cikin ƙarar guduma da tartsatsin walda ina kallon wani dattijo yana naɗa koyil, wato wayar da ake naɗewa a cikin injin lantarki. Abin da na kasa ganewa a allo, a nan na gan shi da idona.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne lokacin SIWES, wato shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu. Na samu gurbi na wata shida a wata masana'anta a Kakuri, Baba ya ce 'yarsa ba za ta wuni cikin maza ba. Ban ga laifinsa ba, tsoro ne irin na uba. Malama ta zo har gida bayan La'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, ni ma 'yar wani ce." Ta bayyana masa aikin dalla-dalla, da lokacin tashi, ta bar masa lambarta. Sai da ya kwana biyu kafin ya amince.

A bakinta na fara jin labarin APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi ta Najeriya. A 2024, da Margaret Oguntala ta zama mace ta farko da ta shugabanci NSE, ƙungiyar injiniyoyin Najeriya da aka kafa tun 1958, Malama na fara kira.

Bana an haɗa ni da wata ɗaliba 'yar aji biyu. Da na je wajenta, a ƙarshen teburi na same ta, riƙe da littafin rukuninsu.