Sunayen Rumawa a gem ɗina

Jiya kwana na yi ina gyara sunayen janar-janar a gem ɗin Rome: Total War don su dace da yadda Rumawa ke raɗa suna. Ashe suna uku namiji ke ɗauka, kamar Gaius Julius Caesar, Gaius na yanka, Julius na zuri'a, Caesar na reshen gidansu. Janar ɗin Rumawa Scipio ma sai da ya ci abokin gabarsu Hannibal da yaƙi a Zama, a arewacin Afirka, aka ƙara masa Africanus. Amma mata ne suka tsaya min a rai wallahi, duk 'yar gidan Julius Julia ce kawai, da na zo kansu sai na ji jikina ya yi sanyi. Duk sunan da na sa a fayil ɗin gem ɗin mai suna descr_names.txt sai na maimaita shi a fayil ɗin names.txt, in ba haka ba gem ɗin rufewa yake.