Ƙwayar da ake haɗiya da lomar tuwo

A shekarata ta farko a sashen wankin ƙoda a Katsina, hankalina kacokan yana kan na'ura: ruwan da za a cire, awon jini, da wurin da za a soka allura. Idan majiyyaci ya ce ƙugunsa na ciwo ko ƙaiƙayi ya hana shi barci, sai in ba shi haƙuri in wuce gado na gaba.

Wani dattijo daga wajen Mani ne ya sa na daina haka. Ya zo yana dogara sanda, yana kukan ciwon ƙugu da ƙaiƙayi, iyalansa kuwa sun riga sun yanke cewa sanyin ƙashi ne, har sun sayo masa diclofenac a kemis, maganin da ke ƙara gajiyar da ƙodar da ta riga ta raunana. Da gwajin jini ya fito, fosfet ya yi sama, kalsiyam ya yi ƙasa (sinadarai biyu ne masu gina ƙashi da jiki ke samu daga abinci), sai likitanmu ya zaunar da ni ya warware mani zaren. Lafiyayyar ƙoda tana fitar da rarar fosfet a fitsari, kuma ita ce ke ƙarasa sarrafa bitamin D yadda hanji zai iya tsotsar kalsiyam daga abinci. Idan ta gaza, wasu 'yan ƙulluttai huɗu da ke cikin wuya sukan yawaita fitar da sinadarin PTH, shi kuma ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙashi domin cike giɓin da ke cikin jini, har ƙashin ya yi raunin da faɗuwa kaɗan za ta karya shi. Abin da ya fi tayar mani da hankali shi ne kalsiyam da fosfet sukan daskare a bangon jijiyoyin jini su sandarar da su, alhali ciwon zuciya ne ya fi kashe masu wankin ƙoda.

An rubuta wa dattijon ƙwayar kalsiyam kabonet, ni kuma na ce masa ya sha sau uku a rana. Bayan wata guda fosfet ɗin na nan inda yake. Na tambaye shi: "Baba, da wane lokaci kuke shan maganin nan?" Ya ce, "'Yata, bayan Asuba, bayan Azahar, sai kuma in zan kwanta." Laifin nawa ne, domin aikin ƙwayar shi ne ta riƙe fosfet ɗin abinci a cikin hanji ya fita da bayan gida, ni kuwa ban gaya masa cewa tare da abinci ake haɗiye ta ba.

Daga nan muka zauna da matarsa muka bi abin da yake ci. Ban hana shi fura da nono gaba ɗaya ba, don hana Bakatsine fura wahalar da baki ne. Mun dai rage nonon. Lemon kwalba mai baƙi na ce ya bari, saboda fosfet ɗin da masana'anta ke zubawa kusan duka jiki ke tsotsewa, saɓanin na wake da gyaɗa.

Ƙa'idojin KDIGO (ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan cututtukan ƙoda) na 2017 sun ce a fara bibiyar kalsiyam, fosfet da PTH tun daga mataki na uku cikin matakai biyar na ciwon ƙoda, amma yawancin majiyyatanmu sai cutar ta ci jiki suke isowa, kuma wanda ke fafutukar kuɗin wanki sau uku a mako da wuya ya ware na gwajin PTH. A gwaji na gaba fosfet ɗin dattijon ya sauka, ƙaiƙayin ya lafa, sandar dai bai ajiye ta ba.